Taswirar filaye a kwamfuta: Yadda gundumomin Wisconsin ke biyan kuɗin aikin da abin da ya rage wa ƙananan hukumomi

A jihar Wisconsin da ke Amurka, duk wanda ya kai takardar cinikin gida ko ta jinginar fili ofishin rajista na gundumarsa yana biyan dala 30. Rabin wannan kuɗi, wato dala 15, doka ta keɓe shi domin aikin bayanan filaye kaɗai. Gundumar tana riƙe dala 8, ta aika dala 7 zuwa asusun jiha, daga nan kuma a sake rarraba kuɗin ga gundumomi.

Da wannan 'yar dabara ce gundumomi 72 na jihar suka zana iyakokin filaye kusan miliyan uku da rabi a kwamfuta, kuma suke sabunta su kowace shekara. Mai wayar hannu zai iya buɗe taswirar, ya danna kan fili, ya ga girmansa da iyakarsa da ƙimar da aka yi masa domin haraji.

Labarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a wurare da dama da aka gwada irin wannan aiki, na'ura ba ta cika zama matsala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi: wa zai biya aikin farko, wa kuma zai ci gaba da biya bayan an gama bikin ƙaddamarwa an watse.

Mene ne aikin, kuma me ya sa ya rataya a wuyan gunduma?

Taswirar filaye ta kwamfuta zane ne da ke nuna kowane fili da kowace gona a matsayin yanki mai iyaka, an ba shi lamba, an haɗa lambar da bayanan mai shi. Ana haɗa ta daga tsofaffin takardun safiyo da takardun ciniki da hotunan da aka ɗauka daga sama, sannan a tabbatar da wasu wurare a ƙasa da na'urar GPS.

A Wisconsin gunduma ce ke ajiye takardun filaye. Gunduma a can mataki ne na mulki da ke ƙasa da jiha, mai kama da ƙaramar hukuma, kuma jami'in da ke kula da rajistar takardu zaɓensa ake yi. Tunda a ofishinsa ake kawo kowane ciniki da kowane rabon fili, gundumar ce ke fara sanin cewa iyaka ta sauya.

Aikin yana da tushe mai tsawo. Tsakanin shekarun 1830 da 1860 safiyoyin gwamnatin tarayyar Amurka suka auna ƙasar Wisconsin, suka yanka ta gida-gida, kowane babban yanki mil shida a tsaye mil shida a kwance, suka kafa alamomi a kusurwoyi. Yawancin takardun filayen jihar har yau daga waɗannan kusurwoyi suke fara lissafi. Alamomi da yawa sun ɓace ko sun ruɓe, domin wasu da itace aka yi su. Saboda haka wani kaso na kuɗin da ake tarawa yana tafiya ne wajen nemo kusurwoyin, a sake kafa su, a rubuta ainihin matsayinsu. Idan kusurwa ta kauce, duk iyakokin da aka auna daga gare ta sun kauce.

Yadda aka tsara kuɗin

An kafa shirin bayanan filaye na jihar a 1989. A 2013 majalisar dokokin jihar ta ƙara masa ƙarfi, ta umarci a samar da taswira guda ta filayen jihar baki ɗaya, ta kuma ƙara kason da ke shiga asusun jiha. An fitar da taswirar farko a 2015, tare da haɗin gwiwar ofishin taswira na jiha da ke Jami'ar Wisconsin a birnin Madison.

Abubuwa biyu ne suka sa tsarin ya ɗore. Na farko, kuɗin yana da sharaɗi. Gundumar da ke son riƙe dala 8 ɗinta dole ta kasance tana da ofishin bayanan filaye, da kwamitin da ke sa ido a kansa, da rubutaccen tsarin aiki da ake sabuntawa duk bayan shekara uku. Ba ta da ikon karkatar da kuɗin zuwa gyaran titi ko sayen motar shugaba.

Na biyu, an yi la'akari da cewa gundumomi ba ƙarfinsu ɗaya ba. Gundumar Milwaukee tana da mutum sama da 900,000, takardu na shigowa ofishinta ba ƙaƙƙautawa. Gundumar Florence da ke arewacin jihar mutanenta ba su kai 5,000 ba. Kafin gunduma ta tara dala 100,000 daga dala 8 a kan kowace takarda, sai ta yi rajistar takardu 12,500 a shekara, abin da ƙaramar gunduma ba za ta taɓa kaiwa ba. Don haka asusun jiha yake cike wa duk gundumar da ta gaza giɓin da ya rage har ta kai dala 100,000. Ta haka cinikin gidajen birni yake biyan kuɗin taswirar ƙauye.

Tsarin yana da nasa rauni. Kuɗin shigarsa ya dogara ne da yawan takardun da aka kawo. Lokacin da kuɗin ruwa ya tashi a Amurka daga 2022, mutane suka rage sayen gidaje da sabunta bashin gida, takardu suka ragu, asusun ma ya ja baya. Haka kuma dala 30 ɗin ba ta tashi tare da tsadar kaya. Duk da haka, ofisoshin ba su rufe ba, domin kuɗin bai dogara da ra'ayin wanda ke kan mulki a wannan shekarar ba.

Akwai wani abu da jami'an can ke yawan nanatawa: layin da ke kan taswirar kwamfuta ba shi ne hukuncin ƙarshe kan iyaka ba. Idan maƙwabta suka yi jayayya, sai an koma ga takardun asali da safiyo mai lasisi. Amfanin taswirar shi ne ta nuna wa kowa abin da hukuma ta rubuta, ta yadda kuskure zai fito fili tun kafin ya zama rigima.

Abin da ya faru a Ruwanda da Kenya

Wani zai ce Amurka ƙasa ce mai arziki, ba a kwatanta ta da kowa. To, Ruwanda ta nuna cewa talauci ba ya hana aikin farko. Tsakanin 2009 da 2013 ƙasar ta shata iyakokin filaye sama da miliyan 10. Ta yi amfani da hotunan sama, ta horar da mutanen gari suka riƙa zagawa gona-gona tare da masu gonakin da maƙwabtansu, ana zana iyaka a kan hoto a gaban kowa. Kuɗin kowane fili bai kai dala 10 ba, kuma ƙasashe masu ba da tallafi, musamman Birtaniya, su suka ɗauki kaso mafi girma.

Matsalar ta ɓullo daga baya. A karkara mutane da yawa sun ci gaba da sayar da filaye da rabon gado ba tare da komawa ofis ba, saboda kuɗin sauya suna ya yi wa mai ƙaramar gona yawa. Duk cinikin da ba a rubuta ba yana mayar da rajistar baya. Taswirar da aka bari ba sabuntawa, bayan 'yan shekaru tana nuna sunan mamaci a kan gonar da magada suka raba tuntuni.

Kenya kuma ta nuna illar raba aiki ba tare da raba kuɗi daidai ba. Kundin tsarin mulkin 2010 ya kafa gundumomi 47, ya ba su ikon karɓar harajin filaye da gidaje, dokar 2012 kuma ta wajabta musu tsara amfani da ƙasarsu bisa taswirar kwamfuta. Amma rajistar mallaka tana hannun gwamnatin ƙasa, wadda ta ƙaddamar da shafin Ardhisasa a watan Afrilun 2021, ta fara da Nairobi. Sakamakon haka gunduma ce ke buƙatar taswirar domin haraji da tsara gari, alhali bayanan suna wani ofishi da ba nata ba. Birnin Nairobi kansa ya shafe shekaru da dama yana karɓar haraji bisa ƙimar filaye da aka yi tun farkon shekarun 1980.

Inda batun ya shafi ƙananan hukumomin Najeriya

Mutane da yawa ba su san cewa dokar ƙasa ta riga ta ɗora wa ƙananan hukumomi 774 wani ɓangare na wannan nauyi ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba. Tana iya bayar da har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo, ba tare da neman amincewar gwamna ba. Dokar ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙara mata da aikin sanya wa tituna suna, da lambar gidaje, da ƙiyasta gidaje domin haraji.

Abin tambaya shi ne, da wace taswira ake yin waɗannan ayyuka? A mafi yawan karkara iyakar gona tana cikin kan dagaci da mai unguwa da dattawan da suka ga lokacin da aka yi rabo. Alamarta layin gamba ne, ko bishiyar aduruku, ko wata tsohuwar kuka. Wannan tsari ya yi wa jama'a aiki shekaru aru-aru, amma yana raunana. Dattawa na rasuwa, ana sare itatuwa, gari na cinye gonaki, darajar fili na hauhawa. A gefen manyan birane filayen awon igiya sun zama ruwan dare, kuma ba baƙon abu ba ne a ji an sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku, kowa riƙe da takardarsa mai sa hannun shaidu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗanda suka fi cutuwa su ne marasa ƙarfin zuwa kotu: matar da mijinta ya rasu, marayun da aka riƙe musu gona, ƙaramin manomin da ya ba da jingina da baki, makiyayin da ya dawo daga kudu ya tarar an nome burtalin da ya bi bara. Tsohuwar Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, amma wurin kiwon da ba a shata iyakarsa a ƙasa da kan taswira ba, kowace damina ana gutsurarsa.

An taɓa yunƙuri. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka yi gwajin rajistar filaye gida-gida a jihohin Kano da Ondo. Abuja ta kafa AGIS, Nasarawa ta kafa NAGIS, Kaduna ta kafa KADGIS, Kano ta kafa KANGIS. Waɗannan hukumomi sun rage ɓatan fayil da jabun takardu a inda suka yi aiki. Sai dai hankalinsu ya fi karkata ga birane, inda kuɗin ƙasa da na takardar mallaka ke shigowa. Gonakin karkara, waɗanda doka ta bar wa ƙaramar hukuma, su ne aka bari a baya.

A Jamhuriyar Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye har zuwa na gunduma, inda sarakuna da manoma da makiyaya da ma'aikatan gwamnati ke zama tare, ana rubuta ciniki, ana shata hanyoyin dabbobi. Tsarin ya samu yabo, amma yawancin aikinsa ya dogara da tallafin ƙungiyoyin waje, kuma inda tallafin ya yanke aikin yakan yi sanyi. Wannan ma matsalar kuɗi ce.

Tsoron da jama'a ke da shi

Ba kowa ne zai yi maraba da safiyo a gonarsa ba, kuma akwai dalili. Manomi ya san cewa sau da yawa awon gwamnati yakan zo ne gab da karɓe fili, a biya diyyar amfanin gona kawai, a raba wa masu hannu da shuni. Wani kuma yana jin cewa da zarar an rubuta sunansa, haraji ne zai biyo baya. Sarakuna da masu unguwanni na iya ganin aikin a matsayin rage musu iko.

Wannan tsoro ba a kawar da shi da sanarwar rediyo. Yadda aka tsara aikin ne zai kawar da shi ko ya tabbatar da shi. Idan aka ba kamfani kwangila ya zana layuka daga ofis, aka ɓoye sakamakon a kwamfutar da mutum uku kawai ke da mabuɗinta, to an ƙera wa masu ƙwacen filaye sabon makami ne. Idan kuwa aka zagaya gona-gona da mai ita da maƙwabtansa da mai unguwa, aka manna taswirar a ƙofar fadar dagaci har tsawon makonni domin mai ƙorafi ya fito, to takardar da ta fito daga nan kariya ce ga mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya kamata a yi

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma muhawarar abin da za a yi da kuɗin ta riga ta fara. Ya dace taswirar filaye ta shiga cikin wannan muhawara, bisa tsari kamar haka.

Aikin farko na zana iyakoki a biya shi daga kasafin kuɗi, na ƙaramar hukuma da na jiha, da tallafin waje idan ya samu. Kada a ɗora wa manomi kuɗin awon farko. Duk inda aka ce sai mai gona ya biya kafin a auna masa, masu kuɗi ne kawai za su shiga rajista, kuma su ne za su faɗi inda iyaka take.

Sabuntawa kuma a samar mata kuɗin da ba ya yankewa. Majalisun dokokin jihohi su yi doka da za ta keɓe wani kaso na kuɗin rajistar ciniki da jingina da sauya suna, a ajiye shi a asusun da ba a taɓawa sai domin bayanan filaye. A nan darasin Wisconsin ya fi amfani: kason da hukumar filaye ta jiha ke samu daga cinikin birni a raba shi, ta yadda ƙaramar hukumar da ba ta da yawan ciniki za ta samu mafi ƙarancin abin da zai riƙe ofis da ma'aikata. Ƙaramar hukumar da ba ta buɗe ofishin ba, ko ba ta gabatar da rahoton abin da ta yi ba, kada ta karɓa.

Kuɗin sauya suna ya zama kaɗan, daidai da ƙarfin mai ƙaramar gona, rabon gado kuma a rubuta shi kyauta ko kusa da haka. Gara a karɓi kaɗan daga mutum dubu da a tsawwala a samu mutum goma, sauran su koma takardar hannu. Kotunan da ke raba gado su riƙa aika kwafin hukuncinsu ofishin filaye, tare da sunayen mata da 'ya'ya mata da kasonsu.

A fara da kadarorin jama'a: burtali, wuraren kiwo, mashaya, maƙabartu, filayen makarantu da asibitoci da kasuwanni. Su ne aka fi ci, kuma shata su ba ya buƙatar shiga rigimar gado ta kowane gida. Jama'a idan suka ga an kare filin makarantar garinsu, za su fi yarda a auna nasu.

A horar da matasan yankin. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna yaye masu difloma a fannin safiyo da tsara birane kowace shekara, da yawansu ba su da aiki. Hotunan tauraron ɗan'adam da na jirage marasa matuƙa sun yi araha, akwai kuma manhajojin taswira na kyauta irin su QGIS. Abin da ke cin kuɗi shi ne albashi da man babur da zaman sasanta maƙwabta, kuma waɗannan ne aka fi mantawa da su a kasafi.

Duk kwangilar da za a bayar ta fayyace cewa bayanan mallakar hukuma ne, a tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa, kuma duk ƙananan hukumomin jiha su bi ƙa'ida ɗaya domin taswirorinsu su haɗu. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A ba kowa damar duba iyaka da lambar fili ta wayarsa, domin mai niyyar sayen fuloti ya bincika kafin ya biya dillali.

Shugaban ƙaramar hukuma mai wa'adin shekara biyu ko uku zai fi son aikin da za a yanka masa ƙyalle, kuma taswira ba ta cikin irin waɗannan. Shi ya sa bai kamata a bar batun ga son ran shugaba ba. Wisconsin ta shafe fiye da shekara 25 daga kafa shirinta kafin ta haɗa taswirar jihar baki ɗaya, gwamnoni na jam'iyyu biyu suka zo suka wuce, aikin bai tsaya ba saboda doka ce ta tanadi kuɗinsa. Wannan doka ce ake jira daga majalisun jihohi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Dattawan da suka san iyakokin gonaki suna nan da ransu yanzu, kuma kowace shekarar da ta wuce ba a rubuta abin da suka sani ba, ana asarar shaidun da ba za a sake samu ba.